Raƙumin da Ya Zo Na Ɗaya a Wayar Mai Shi Kaɗai

Ku yaran yanzu ba ku da kunya, kuma ba ku da wuya. Kunyar kun yar, wuyan kuma ya lanƙwashe a kan waya kamar na kazar da ke tsintar tsaba. A yi muku sallama, ku ɗaga yatsa ɗaya. A aike ku kantin baƙala sayen gishiri, ku dawo hannu wofi da labarin wanda ya ci wasa. To ku kifa wayoyin nan ku saurara. Abin da zan faɗa a ƙofar rumfata ya faru, a nan unguwar Mansur ta Makka, kuma wanda ya faru da shi yana tsakar gidana yanzu haka yana kankare ƙanzo.

Ni ce Hadijatu, wadda ake kira Hajja Dije mai fura. Sama da shekara arba'in ina sayar da fura da waina da shinkafa a layin nan. Ina da ɗan ƙane, Ɗan'azumi, wanda ya zo daga gida shekara uku da suka wuce, ya sami aiki a shagon waya na Tijjani da ke kallon rumfata. Aikinsa manna gilashi a fuskar waya. Shi ke nan. Ko shi ɗin ma sai ya bar kumfar iska a tsakiya. Amma tun watansa na biyu ya ce a riƙa kiransa Injiniya, wanda bai kira ba kuma sai ya yi kamar bai ji ba.

Akwai wani wasa da ya shigo layinmu kamar annoba, wasan tseren raƙuma a waya. Za ka ga ƙato da gemu yana kiwon raƙumin da ba shi da kashi ba shi da tozo, yana ba shi ciyawa, yana raɗa masa suna. Abdulwasi'u direba, wanda ke jigilar alhazai zuwa Muzdalifa duk shekara, mai 'ya'ya biyar, shekara biyu yana kiwon wata taguwa a waya mai suna Guguwa. Matarsa ta ce ko ita ba ya tambayarta ta ci abinci kamar yadda yake duba Guguwa.

Sai aka sa gasar unguwanni a Jidda. Tijjani ne shugaban 'yan Mansur, mutum huɗu ake so, an sami uku, kujera ɗaya ta rage. Mutum biyu ke neman ta: Ɗan'azumi, da jikata Ilham, 'yar wajen 'yata Rumasa'u. Ilham haihuwar nan ce, shekararta ashirin da biyu, ta yi karatun kwamfuta, Hausarta kuma rabi Larabci ce. Ni ban so ta shiga ba. Na ce 'ya mace da tseren raƙuma, me ya haɗa su? Amma kowa a layin ya san babu mai riga raƙuminta.

Ranar wata Asabar aka gwada su, ita tana sama a ɗakina, shi yana shago. Tseren da ake yi a minti uku, Ɗan'azumi ya gama shi a daƙiƙa tara. Tara! Kafin in juya waina ɗaya ya fito titi yana buga ƙirji.

"Ku shaida! Injiniya ya yi magana! Ku ce wa yarinyar nan ta koma wanke-wanke!"

Ilham ta sauko, idonta jajur. "Ammu Tijjani, wallahi ya taɓa wasan. Babu raƙumin da ke wannan gudun."

"Kin ji ta ko, Gwaggo?" in ji Ɗan'azumi, yana ɗaga murya don masu shan fura su ji. "Ta sha ƙasa, ta koma ƙarya. Haka kika rene ta?"

To nan ya taka wutsiyar maciji. Wasa bai dame ni ba. Amma a tsaya a ƙofar rumfata a kira jinina maƙaryaciya, a haɗa da tarbiyyata? Na ajiye cokalin waina.

"Tijjani," na ce, "a sake. A bainar jama'a."

Tijjani mutum ne mai gudun rigima, ya ce ranar Juma'a bayan la'asar, kowa ya zo ya gani, wanda ya riga shi ke da kujera.

Da muka hau sama na zaunar da Ilham. "Faɗa mini yadda ya yi, da Hausa, kada ki cika ni da Larabci."

"Ya Sitti," ta ce, wato kaka da Larabcinta, "kowace waya akwai mai gadi a cikinta, masu wasan suka sa shi. Aikinsa ya duba ko an taɓa wasan. To Kawu ya samo wata manhaja da ke sa mai gadin barci. Sai wayarsa ta ce wa kowa, raƙumina ya kai, kuma a yarda."

"Dakata. Mai gadin a cikin wayar Ɗan'azumi yake kwana?"

"Aiwa, a ciki yake."

"Ɗan'azumi ke ba shi wuta yana ci?"

"Shi ke cajin ta, eh."

"To wannan ai ba mai gadi ba ne, ɗan haya ne. Wa ya taɓa ajiye mai gadi a ɗakin ɓarawo?"

Ta yi dariya, karo na farko ranar. "Su ma sun gane, Sitti. Sun sanar, daga Laraba hukunci ya bar waya, ya koma sirfar."

"Mece ce kuma wannan?"

"Uwar na'ura ce, tana can wurin masu wasan, hannun kowa ba ya kaiwa gare ta. Waya sai dai ta ce, na danna gudu, na danna hagu. Ita ce za ta ce, to ga inda raƙuminka ya kai. In waya ta ce raƙumina ya tashi daga Mina ya dira Jidda a ƙiftawar ido, sai ta ce ƙarya ne, koma inda kake."

Sai na gane sarai. Ai haka tasrihin Hajji yake, wato takardar izini. Da can mutum zai nuna takarda a shinge, a duba hatimi da ido. Yanzu kuwa jami'i ba ya kallon kyawun takardarka, haska ta yake yi da na'urarsa, ita kuma ta tambayi ofis. In sunanka ba ya can, ko da ruwan zinariya aka rubuta ta, sai ka juya.

Ni ba muguwa ba ce, Ɗan'azumi ɗan ƙanena ne. Washegari na kira shi na gaya masa duk abin da Ilham ta ce, har da misalin tasrihi.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gwaggo, ke da ko lambar wayarki ba ki haddace ba, ke za ki koya wa Injiniya na'ura? Wane maguɗi? Baiwa ce. Kuma ko da akwai wata uwa, ai ni ne uban."

"To madalla. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

"Af, Gwaggo, tunda na zo. A ara mini talabijin ɗinki ranar Juma'a. Ina so jama'a su ga abin da kyau."

Talabijin ɗin nan surukina ya saya mini don in riƙa kallon sallar Harami ranar da gwiwa ta hana ni zuwa. Na ce ba zan ba da shi a kalli raƙuman ƙarya ba. Ya roƙa, ya durƙusa, ya ce girman gidanmu ne. Masu shan fura suka taru suna kallo, shi kuwa da ya ga taro sai kansa ya kumbura. Ya miƙe ya ɗaga yatsa sama.

"Ku shaida! Na rantse da Allah, in yarinyar nan ta riga ni, ni Injiniya zan wanke tukwanen Gwaggo da hannuna, tun daga ranar har alhaji na ƙarshe ya bar Makka!"

Na dubi Tijjani. "Ka ji?"

"Na ji, Hajja."

"Ɗauki talabijin," na ce wa Ɗan'azumi.

Lokacin saura wata biyu aikin Hajji. A lokacin Hajji kuwa tukunya goma sha ɗaya nake ɗorawa kullum, ƙaramar cikinsu yaro na iya wanka a ciki.

Laraba ta zo. Ina zaune na hango Ɗan'azumi ya buɗe wasan, dogon rubutun Larabci ya fito masa. Tijjani ya leƙa ya ce, "Karanta mana, sanarwa ce."

"Ni ba na karanta dogon rubutu. Ina wurin muwafiƙ?" Ya danna. Haka yake yi da komai tun da ya zo ƙasar nan, in ya ga Larabci ya wuce layi biyu sai ya nemi wurin amincewa ya danna. Da za a rubuta masa an sayar da shi, da ya danna.

Sai tsohuwar manhajarsa ta ƙi aiki. Ya yi gumi, ya shige bayan kanta, ya yini yana lalube. Kafin la'asar ya fito yana murmushi, ya tsallako ya raɗa mini, don cikinsa ba ya riƙe magana: ya samo wadda ta fi ta. Wannan ba mai gadi kaɗai take kwantarwa ba, har kunnen wayar take toshewa, duk abin da aka faɗo daga waje ba za ta ji ba.

"Na gwada sau ashirin, Gwaggo. Daƙiƙa tara!"

Da na gaya wa Ilham sai ta tambaye ni, "Shi kaɗai ya gwada, ko da wani?"

"Shi kaɗai."

"A filin koyo ke nan. Can ba ruwan sirfar." Ta ci gaba da ba raƙuminta ciyawa.

Sabuwar manhajar tana da aibi ɗaya: tana sa waya zafi kamar kaskon waina. Minti biyar ta fara ƙona masa cinya ta cikin aljihu. Ya sa ta gaban fanka, ba ta huce ba. Ya ɗora ta a kan tayil, ba ta huce ba. Ranar Alhamis da hantsi, na shiga ciki ɗauko nono, ashe ya lallaɓo ya ƙulle ta a farar leda, irin wadda nake ƙulla fura, ya tura cikin kulata ta ƙanƙara.

Ma'aruf tela ya zo sayen fura biyu. Na miƙa hannu ba tare da na duba ba, na ba shi ƙulli biyu, ya tafi. Bai kai kwanar layi ba na ji salati. Ya dawo da gudu, ya riƙe ledar nesa da jikinsa da yatsa biyu.

"Hajja! Furarki tana kukan raƙumi!"

Ledar kuwa tana rawa a hannunsa, tana gurnani. Mata biyu da ke jiran waina suka watse, ɗaya ta bar takalmi. Ɗan'azumi ya fito daga shago da gudu yana ihu, "Kada a dama! Kada a dama!"

Na bi shi da muciya har ƙofar shago. "Shekara arba'in ba a taɓa samun ko ƙuda a furata ba, sai kai ka sa mini raƙumi?"

"Gwaggo, dabarar injiniyoyi ce, sanyayawa ake..."

"Zan sanyaya ka!"

Duk wannan bai ishe shi ba. Dokar wasan sai da raƙumi uku ake tsere, don haka Tijjani ya ce Abdulwasi'u ya shiga ya cike. Ɗan'azumi ya lissafa cewa in shi kaɗai ya yi gudun aljanu za a sake zarginsa, amma in su biyu ne sai a ce zamani ne ya zo da haka. Ya sami Abdulwasi'u a benci yana shan shayi.

"Alhaji, Guguwa ta rame. Kawo in yi mata allurar ƙarfi."

"A'a, Injiniya. Ba na ba kowa ita."

"Kana so jikar Hajja ta bar ka a baya gaban surukanka? Minti biyu ne. Za ta zo ta biyu, a bayana."

"Ba abin da zai same ta?"

"A wuyana."

Mutumin kirki, ya miƙa wayar kamar mai miƙa jariri ga wanzami.

Juma'a ta zo. Aka sauko daga masallaci, aka ci abinci, aka yi la'asar. Ɗan'azumi ya ɗaure talabijin ɗina da wayar ƙarfe a saman ƙofar shago, Tijjani ya jona shi da wasan yadda zai nuna tseren kamar yadda uwar na'ura ke ganinsa. Layi ya cika, har daga unguwar Utaibiyya an zo. Ɗan'azumi ya fito cikin riga ja da ya sa aka buga wa INJINIYA a gaba da baya, da buhun alawa a hammata don rabon murna. Ya sa na dafa shinkafa da miya, wai walimar nasara. Na dafa, don ko wa ya ci, jama'a za su ci.

Ya ajiye kujerarsa daidai ƙarƙashin talabijin, ya juya masa baya.

"Juyo mana ka riƙa gani," in ji Tijjani.

"Ni in kalli talabijin? Jama'a fuskata suka zo gani. Wayata ta ishe ni."

Ya ɗora wata ƙatuwar na'urar ji a kai, ta rufe kunnuwansa ruf. Ilham tana sama bakin taga, ina ganin gefen mayafinta. Abdulwasi'u yana benci yana karanta wa Guguwa addu'a.

Aka buga ƙararrawa.

Raƙumin Ilham ya fita da sassarfa, yadda raƙumi ke fita. Na Ɗan'azumi kuwa, ja mai tozo biyu, ya yi wani tsalle ya kai tsakiyar fili, sai fit, ya dawo kan layin farawa kamar an ɗaure shi da roba. Ya sake tsalle, ya sake dawowa. Ya sake. Ya sake. Kamar ɗan akuya a turke. Guguwa ma tana gefensa tana yin irin nasa, su biyu suna ta kai da komo a wuri ɗaya.

Layi ya fashe da dariya. Ma'aruf tela ya faɗo daga kan benci.

Abdulwasi'u, shi yana kallon talabijin, ya miƙe tsaye. "Guguwa! Me ya same ki? Injiniya! Kai, Injiniya!"

Injiniya ba ya ji. A wayarsa, wadda ya toshe wa kunne, raƙuminsa ya riga ya keta fili kamar walƙiya. Ya ɗago kai ya ga mutane suna nuna saman kansa suna ihu, wasu suna share hawaye, sai ya ɗauka murna ce. Daƙiƙa tara na cika ya yi tsalle ya hau kujera.

"Allahu Akbar! Na gama! Kalas!"

Ya yage buhun alawa ya shiga watsawa. Yara suka yi wawa. A saman kansa raƙuminsa ya gaji da tsalle, ya juya ya tura kai cikin shinge, yana ta tafiya a wuri ɗaya.

"Jama'ar Mansur!" Ya buɗe murya, na'urar tana kansa, don haka ihu yake ba magana ba. "Na yafe wa duk wanda ya yi shakka! Na yafe wa Gwaggo, tsufa ne! Ilham 'yata ce, ta zo in koya mata kyauta! In na dawo daga Jidda..."

"Juya!" in ji jama'a.

"Na gode, na gode! In na dawo daga Jidda ba na son a tare ni da mota fiye da uku!"

Raƙumin ya durƙusa. Wallahi durƙusawa ya yi, kansa a cikin shinge, gindinsa a sama. Wata tsohuwa 'yar Zinder da ke kusa da ni ta ce, "Ko dabba ta san kunya."

Can gaba raƙumin Ilham ya sha kwana ta ƙarshe shi kaɗai, ba gaggawa, ya taka layi a minti uku ba kaɗan. Sai na ji guɗa ta fita daga bakina. Ni da na ce ba ruwana da wasa.

Tijjani ya hau benci, ya cire wa Ɗan'azumi na'urar daga kai, ya kama kan da hannu biyu ya juya shi kamar mai juya tulu.

Ya kalli talabijin. Ya kalli wayarsa. Ya sake kallon talabijin.

"Talabijin ɗin Gwaggo ya lalace," ya ce.

"Kul!" na ce. "Jiya na kalli Isha'i a cikinsa, liman bai durƙusa a shinge ba."

"To ga wayata! Ku duba! Na ɗaya! Ga kofi ma ta ba ni!"

"Ni ma in na rubuta a tafin hannuna cewa hasumiyar agogon Harami tawa ce, zan karanta in ji daɗi. Sai ka raka ni mu je karɓar makulli."

Sai wani jan rubutu ya fito a talabijin, dogo, na Larabci. Ɗan'azumi ya ɗaga yatsa yana lalube a iska, ina jin wurin muwafiƙ yake nema.

"Bari in taya ka," in ji Ma'aruf, wanda bai manta da furar da ta yi masa gurnani ba. Ya gyara murya kamar mai shelar ɗaurin aure, ya karanta, ya fassara da Hausa dalla-dalla don kada kowa ya rasa: an kama raƙuma biyu suna faɗin wurin da ba su kai ba, sau arba'in da ɗaya cikin minti guda. An kore su daga wasan, korar da ba dawowa. Ya karanta sunayen. Injiniya. Guguwa.

Abdulwasi'u ya zauna a ƙasa. "Shekara biyu," ya ce. "Ko a Muzdalifa, alhazai na tsintar tsakuwa, ni ina ba ta ruwa." Sai ya miƙe ya cire takalmi. "Ka ce a wuyanka. Kawo wuyan!"

Ɗan'azumi ya tsallake kujera ya yo wajen rumfata, yana ɗaga wayar sama yana cewa a duba kofin, a duba kofin. Wayar kuwa tun ɗazu take dahuwa, ba ƙanƙara ba fanka. Daidai kan tukunyar miya ta ƙone shi. Ya yi ƙara ya sake ta. Tsulum.

Kowa ya leƙa tukunyar. Muka ji raƙumin ya yi gurnani sau ɗaya daga ƙarƙashin miya, ya yi shiru.

"To," in ji 'yar Zinder, "yau miyar Hajja da naman raƙumi."

Ilham ta sauko. Na kama hannunta na tsayar da ita gaban kawunta, gaban jama'ar da ya tara da kansa.

"Ranar Asabar me ka kira ta?"

Ya sunkuyar da kai. Rigar ja duk miya.

"Ba na ji."

"Na ce ta yi ƙarya."

"Wa ya yi?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Ɗaga murya, kamar yadda ka ɗaga kana yafe mini tsufa."

Ya ɗaga. Ilham ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Kawu. In kana so zan koya maka. Kyauta." Jama'a suka sake fashewa. Aka ci shinkafa gaya da mai da yaji, don miyar na zubar.

Ilham ta je Jidda. Ni na raka ta, na zauna a layin gaba da carbina. Mansur ta zo ta uku. Ban fahimci komai ba, amma duk raƙumin da na gani ƙafarsa na taka ƙasa.

Washegarin Juma'ar nan da safe Ɗan'azumi ya shigo mini da fara'a, wai ya tambayi malam, rantsuwa tana da kaffara, zai ciyar da miskinai goma ya huta.

"Madalla," na ce. "Kaffara tsakaninka da Allah ce, ka yi, Allah ya karɓa. Tukwane tsakaninka da ni ne. Ga soso."

Ya wanke na wata biyu kafin Hajji yana ƙunƙuni. Da alhazai suka cika gari ya daina ƙunƙuni, don ba numfashi. Tukunya goma sha ɗaya kullum, da faranti, da kaskon waina mai gida ashirin da huɗu. Jar rigar ita ce tsumman goge murhu, INJINIYA yana kallon sama. Abdulwasi'u kuma ya buɗe sabon kiwo, ya sami 'yar taguwa mai rawar ƙafa, ya yanke hukunci cewa Ɗan'azumi ne zai riƙa ba ta ciyawa da ruwa da yatsansa, safe da yamma, a gaban idonsa, har ta kai inda Guguwa ta kai. An ce shekara biyu ne in an yi sa'a. Tijjani ya mayar da shi sharar shago, ya ce ko gilashi kada ya sake mannawa. A layi kuwa yanzu Mai Tsalle ake kiransa, kuma yana amsawa.

Har yau akwai sauran alhazan da jirginsu bai tashi ba, don haka yana nan. Jiya ya leƙo ya ce, "Gwaggo, na gama, duk sun fita tas."

"In ji wa?"

"In ji ni."

"Bakinka waya ne, ni ce uwar na'ura," na ce. "Kawo su nan."

Ya jero su gabana. Na zura yatsa a gindin ta farko, na ɗago na nuna masa maiƙo. Ya buɗe baki zai yi magana, na nuna masa bakin famfo. Ya ɗauki tukunyar ya koma inda ya fara. Saura goma.